Tarewa Kafin Girbin Alkama

Tsakar gidan Ghulam Rasul mai shagon taki ya cika da auduga a safiyar nan. Matarsa Parvin ta baje barguna a kan gadon igiya tana ɗinke bakinsu, na kayan ɗakin 'yarta Shagufta, amma tun hantsi take soka allura tana warwarewa. Ita kuwa Shagufta ta kasa zama. Ta ɗora shayi ta bar shi ya tafaso ya kashe wuta, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta hau saman soro ta sauko ba tare da shanyar da ta je kwasowa ba.

"Ki zauna mana, kina sa ni jiri," in ji uwar.

"Ammi, in na zauna ji nake kamar abin yana ƙara girma."

"Rufe min baki, maƙwabta na ji."

Shagufta malamar firamare ce, ita kaɗai Allah ya ba iyayenta. Bara aka ɗaura mata aure da Tanvir, ɗan gwaggonta Zarina, mai gyaran janareta a birnin Multan. An ɗaura, amma ba a tare ba, an ajiye tarewa sai bayan girbin alkama, ga shi ko shukar ba a gama ba. Mu kuwa nan Layyah, tsakanin ɗaurin aure da tarewa miji baƙo ne. Tanvir da ya yi rarrafe a tsakar gidan nan, tun ranar da liman ya shafa fatiha bai sake taka ƙofar ba. Sai dai ɗan saƙon waya a ɓoye, "kin ci abinci?", "ya makaranta?", shi ma ana gogewa da an karanta.

Makon jiya ne aka je Multan karɓo sakamakon ɗan ƙullutun da ta ji a mamanta na hagu. Likitar, Dakta Nuzhat, ba ta yi kwana-kwana ba: ciwon daji ne, amma an kama shi da wuri. Hanya biyu ta shimfiɗa musu. Ko a cire maman gaba ɗaya, ko a cire ƙullutun kaɗai, sannan a yi ta gasa wurin da na'ura kullum har tsawon makonni, wanda dole sai mai ciwon ta zauna kusa da asibiti. Ta ce su je su yi shawara, amma kada a ja lokaci.

Shawarar ce ta hana gidan sakat.

Abbu, kamar yadda take kiran mahaifinta, ya shigo cin abincin rana, ya zauna bai ko wanke hannu ba.

"Na gama tunani," ya ce. "A cire gaba ɗaya. Tafiya ɗaya, kwana kaɗan, mu ce wa mutane tiyatar ciki aka yi mata."

"A cire?" Ammi ta jefar da allura. "Amarya za ka kai gidan 'yar'uwarka da rabin ƙirji? Ni na ga Hakim Sahib mai maganin gargajiya. Ya ba ni garin magani da zuma, ya ce ya sha narkar da irinsa. Mu yi shiru har a tare. In ta shiga ɗakinta, duk abin da ya fito ya fito a hannunsu."

"Likita ta ce kada a ja lokaci."

"To a yi ƙaramar tiyatar mana."

"Wa zai zauna da ita a Multan? Ni in rufe shago a tsakiyar lokacin taki? Ko ke da gwiwar da ba ta hawa bas? Wa muke da shi a can?"

"Akwai Tanvir," Shagufta ta faɗa a hankali daga bakin murhu.

Su duka suka juyo kamar ta yi saɓo.

"Ba a tare ba," in ji Abbu. "Kada in sake jin wannan maganar."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da juya gurasa. Abin da ya fi ci mata rai, ana ta yanka jikinta da baki a gabanta, wannan ya cire nan, wancan ya bar can, ba wanda ya waiwayo ya ce, ke me kika gani? Tsoro take ji ƙwarai, tsoron mutuwa da tsoron wuƙa, da wani tsoron da ta kasa faɗa wa kowa: ranar da Tanvir zai sani.

Ranar ba ta yi nisa ba. Matar Hakim Sahib bakinta ba ya riƙe ko ruwa, kuma layinsu ɗaya da Gwaggo Zarina. Washegari da la'asar Gwaggo ta banko ƙofa, mayafi na jan ƙasa.

"Ghulam Rasul, fito. Ashe ni za ku yi wa rufa-rufa?"

Abbu ya fito yana gyara hula. Ƙaninta ne, kuma ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, har yau in ta ɗaga murya ba ya iya musa mata.

"Yaya, zauna mu yi magana..."

"Ba zama na zo yi ba. Parvin, ke ce mai dabarar a lallaɓa a kawo min ita, ko? Allah ya tona."

"Yaya, 'yarki ce fa," in ji Ammi. "Ke kika riƙe ta ranar suna kika ce ta Tanvir ce."

"Na faɗa, kuma ina sonta har gobe. Amma ɗa ɗaya gare ni. Ubansa ya mutu bai ga jika ba, ni ma so kuke in bi shi haka? Wa ya san abin da magungunan nan za su yi wa cikinta?" Ta sassauta murya, wanda ya fi ihun ciwo. "Allah ya rufa asiri ba a tare ba. Ya sawwaƙe mata cikin mutunci, mu haɗu mu yi jinyarta a matsayin 'ya. Ko sisi ba zan nema a cikin abin da muka kashe ba."

Ammi ta fashe da kuka.

Shagufta tana bayan labule, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Ta lallaɓa ta hau soro da wayarta, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura: ta kira shi murya da murya.

"Shagufta? Lafiya?" Ana jin ƙarar injin a bayansa.

"Ka kashe abin nan, magana zan yi."

Ya kashe. Ta gaya masa duka a tsaye, ƙullutun, hanyoyin biyu, maganin Hakim, da abin da uwarsa ta zo da shi. Ta ƙare da cewa, "Gara ka ji daga bakina. In ka bi maganar Gwaggo ba zan riƙe ka a zuci ba."



"Kun zo Multan," ya ce, "kun wuce ta bakin shagonmu, kin karɓi wannan labari, kin hau bas kin koma... ni ina nan ina kwance injin wani?"

"Ba a tare ba."

"Wallahi na gaji da jin kalmar nan." Ya ja numfashi. "Kin ci abinci?"

Nan ne kukan ya ƙwace mata.

Washegari kafin azahar sai ga shi a layin, da baƙin mai a gefen farce, ko gidansu bai biya ba. Ya tsaya a ƙofar kawunsa ya yi sallama, sannan ya sa kai ya shiga. Matan layi kuwa har an fara leƙe ta saman katanga. Wata ta garzaya ta gaya wa Gwaggo, ta iso tana haki.

Tanvir ya gaida kowa, ya durƙusa gaban Abbu.

"Kawu, na zo neman alfarma. A ba ni matata ranar Juma'a."

"Wace Juma'a?"

"Wannan. Ba kiɗa, ba taro, ba tukunyar shinkafa. Ina da ɗaki a saman shago, asibitin kuma hawa ɗaya ne na riksha, keken hayar nan, daga can. Abin da ya hana a yi mata ƙaramar tiyata rashin wurin zama ne, to ga wuri."

"Yaro, kana da hankali?" in ji Abbu. "Tarewar gaggawa babu biki? Ka san abin da garin nan zai ce a kan 'yata? Watanni za su fara ƙirga mata."

"Ba inda za a kai ta," Gwaggo ta katse su. "Tanvir, tashi mu tafi. In ka ɗauki yarinyar nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

A wurinmu uwa ba ta da maganar da ta fi wannan nauyi. Tanvir ya ja gwiwa har gabanta ya kama ƙafafunta, ta fizge, ya sake kamawa.

"Ammi, lokacin da ɓarin jikin mahaifina ya shanye, 'yan'uwanki sun zo da mota su tafi da ke. Ina ƙarami amma ina tune. Kika kore su da muciya. Shekara nawa kina juya shi, kina ba shi abinci a baki, kina wanke shi? Ni a gidanki na tashi. Ban ga yadda ake barin mara lafiya ba, ban iya ba."

"Shi ya riga ya ba ni ɗa, ga ka nan."

"Da bai ba ki ni ba, da kin hau motar?"

Gwaggo ta kau da kai. Shi kuma, da ya ga kamar ya samu ƙofa, sai ya miƙe ya ƙara ƙarfin murya. "Na yanke shawara. Ƙullutun kaɗai za a cire, a yi gashin, ba wanda zai taɓa..."

"Kai ma ba ka tambaye ni ba."

Shagufta ce ta ɗaga labule ta fito. Rabon da su tsaya fuska da fuska tun ranar ɗaurin aure. Ta rame, idonta ya faɗa, amma muryarta ta aji ce, wadda take tsawata wa yara da ita.

"Abbu ya yanke, Ammi ta yanke, Gwaggo ta yanke, kai ma daga saukowa bas ka yanke. Jikin wa za a kwantar a kan gadon nan? Ni ban san wacce nake so ba tukuna. Ina da tambayoyi cike da ciki, ranar nan ban samu bakin yi ba saboda kukan Ammi. Ina so in koma wurin likita in tambaya, wanda zai raka ni kuma ya zauna ya yi shiru."

Tanvir ya sosa ƙeya. "Sori. Na yi shiru."

"Abbu, maganar gari kuma, a gaya musu gaskiya. A ce ciwon daji gare ni, mijina zai kai ni magani. Gara su ji tausayina da su ƙirga min wata."

"'Yata, sunan ciwon nan in ya fita ba ya komawa."

"Matar Hakim ta riga ta fitar da shi."

Abbu ya daɗe yana kallon audugar da iska ke yawo da ita a ƙasa. Sannan, karo na farko a rayuwarsa, ya yi magana a gaban yayarsa ba tare da ya dubi fuskarta ba. "Juma'a, bayan an sauko masallaci."

Gwaggo ta ja mayafinta ta fita.

Ni na halarci tarewar, kuma ban taɓa ganin irinta ba. Babu makaɗa, babu fitilu, lallen ma a tafin hannu kaɗai aka ɗiga. Bargo biyu aka naɗe, ɗaya ba a gama ɗinke bakinsa ba. Da yake ba ta da ɗan'uwa namiji, Abbu ne ya riƙe Alƙur'ani a saman kanta ta wuce ta ƙarƙashinsa, Tanvir ya tallafa masa gwiwar hannu. Ta watsa shinkafa ta bayanta, Ammi ta tare da mayafi tana shessheƙa.

Aka biya da amarya gidan miji, kamar yadda aka saba, don uwar miji ta zuba man mustad a gefen dokin ƙofa kafin ta shiga. Ƙofar Gwaggo a rufe take. Tanvir ya ƙwanƙwasa, ya kira, ya sake kira. Ana jin motsin takalmi a ciki, amma ba a buɗe ba. Ya jingina goshinsa da ƙyauren na ɗan lokaci, sannan ya juyo ya ce wa mai mota, "Multan." Abin ya yi wa Shagufta ciwo sosai, don amaryar da ba a zuba wa mai ba, ko ta shekara goma, kamar ba a karɓe ta ba ne.

A gaban Dakta Nuzhat Tanvir ya cika alkawari, ya zauna ya harɗe hannu kamar ɗalibin da aka hukunta. Shagufta ta yi ta tambaya.

"Wacce ta fi tsawaita rai?"

"A irin naki, kusan ɗaya ne."

"In aka bar shi, zai iya dawowa?"

"Zai iya, ko da yake gashin yana rage hakan sosai. In an cire duka ma ba a ce an rufe ƙofa ruf ba. Kowacce kika ɗauka, za ki riƙa zuwa ana duba ki."

"Haihuwa fa?"

"Sai mun ga abin da muka ciro. Wataƙila ki sha magani na shekaru, a dakata da ɗaukar ciki. Ba zan yi miki alkawari ba, ba kuma zan yanke miki ƙauna ba."

Suka koma ɗakin saman shago, inda ƙarar janareta ke girgiza kofuna a kan kanta. Kwana biyu tana safa da marwa tsakanin taga da ƙofa. Da safe ta ce a cire duka ta huta da fargaba, da rana ta ce a'a, da yamma ta koma ta farko. Tanvir ya hau ya sauka, ya kawo lemo, ya kawo shayi, yana cije leɓe.

"Ka yi magana mana," ta ce a rana ta biyu. "In na ce a cire duka fa?"

"Kin ce in yi shiru."

"Yanzu na ce ka yi magana."

Ya zauna a bakin gado. "Zan ji ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na yi kwana biyun nan ina auna shi da rashinki, bai kai komai ba. Ɗakin nan naki ne ko wacce kika zaɓa."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai a lokacin ta gane rabin ruɗewarta ba ta ciwon ba ce, ta tunanin abin da kowa zai ce ne. Da ta cire kowa ta ajiye gefe, ta tambayi kanta, amsar ba ta yi wuya ba.

"Ƙullutun kaɗai," ta ce. "Na yarda in yi ta zaryar asibiti. Ba don kai ba fa."

"Na sani, Malama."

Aka yi tiyata lafiya. Da wurin ya warke aka shiga gashi, nan ne wahalar take. Kullum riksha, kullum layi, fata ta yi ja tana zafi, gajiya kamar an yi mata duka. Tanvir ya kai ta, ya dawo ya kama aiki, ya hau sama ya dafa miyar wake wadda ko kare sai ya yi tunani kafin ya lasa. Wata rana suka yi faɗa a kan gishiri har ta ce ya mayar da ita gidan ubanta, ya ce ba kuɗin bas, suka yi dariya tana hawaye. Kowace Juma'a yana kiran uwarsa. Wayar ta yi ta ringi har ta katse.

"Ka daina, tana ƙara maka ciwo," in ji Shagufta.

"Tana kallon sunana yana fitowa. Ya isa."

Ita ma, ba tare da ta gaya masa ba, ta kwance bakin bargon nan da ba a gama ba, ta ɗinke shi tsaf a ranakun da take da ɗan ƙarfi, ta ba direban bas ya kai wa Gwaggo, don ta san sanyi na taɓa mata baya. Ba a dawo da shi ba, ba a kuma aiko da godiya ba.

Ana cikin makon ƙarshe na gashi, sun dawo daga asibiti da hantsi, Shagufta na jingine da kafaɗarsa suna hawa bene a hankali, sai suka ga mutum zaune a kan matakalar ƙarshe da ƙunshin kaya a cinya. Gwaggo Zarina ce, ƙura har gira.

"Ammi..." in ji Tanvir.

"Kai, matsa. Ba wurinka na zo ba." Ta dubi Shagufta sama da ƙasa, bakinta ya motsa. "Dubi yadda ya mayar da ke. Me yake ba ki, ruwan wanki?"

"Miyar wake, Gwaggo."

"Shi? Allah ya isa tsakanina da waken."

Shagufta ta sa hannu za ta tura ƙofa, Gwaggo ta riƙe mata hannu. "Tsaya nan. Kada ki shiga."

Ta kwance ƙunshin ta fito da 'yar kwalba. Da ƙyar ta durƙusa, ta zuba man a gefen dama na dokin ƙofar, ta zuba a na hagu, a ƙofar ɗakin haya mai warin dizal. Man ya gangara har matakala.

"Bargon ya yi ɗumi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ɗinkin dai ya karkace. Shiga da ƙafar dama, 'yata."

Shagufta ta shiga, sannan ta juyo ta faɗa jikinta, su biyun suka yi ta kuka a bakin ƙofa. Tanvir ya tsaya da jakar magani a hannu, ba wadda ta kula shi.

Yau an yi girbin alkama sau biyu tun daga ranar. Shagufta ta koma aji, tana shan maganinta, tana zuwa Multan a duba ta, kuma kowane zuwa sai gabanta ya faɗi har a ce lafiya. Maganar jika tana hannun Allah. Ran nan wata mata ta taɓo zancen a gidan suna, Gwaggo ta tashi ta zazzage ta tas har sai da aka ba ta haƙuri.

Ku 'yan mata da samari masu karanta wannan, ku riƙe abin da gidan Ghulam Rasul ya koya da hawaye. Ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke kisa. Al'ada an yi ta ne don ta rufa wa mutum asiri, ranar da ta tsaya tsakaninsa da magani sai a matsar da ita gefe cikin ladabi. Wanda ya yi haƙuri da iyaye bai bar gaskiya ba, Allah ba ya barinsa. In kuma naku ya kwanta, kafin kowa ya yanke masa hukunci saboda ƙauna, a zauna kusa da shi a tambaye shi me yake so.